Ranar da Aka Shayar da Kamiyo a Ƙofar Maƙerarmu

Har yau akwai mutane a Matameye da in an ce Alhaji Idi mai gyaran mota sai su tsaya suna tunani, amma in an ce Idi Mai-shayar-da-mota, nan take su kwashe da dariya. Na san kun sha dambe da yaran unguwa a kan wannan suna nawa, kai Mamman har haƙori ka rasa. Na bar ku kuna ramawa ban ce muku uffan ba, domin na yi wa kaina alkawari ba zan buɗe baki ba sai wanda abin ya shafa ya kwanta dama, waɗanda za su yi masa dariya su ma sun bi shi. Yanzu duk sun tafi, saura ni da ciwon gwiwa. To ku zauna ku ji, ku daina gardama a kan abin da ba ku gani ba.

A shekarar nan ni magidanci ne, shekarata biyu da auren uwarku Rabi, ina ƙira tare da kakanku a maƙerarmu ta bakin hanyar da ta taso daga Kano ta nufi Damagaram. Kakanku mutum ne marar yawan magana. Ni ne ɗansa na fari, saboda haka bai taɓa kama sunana ba, sai dai ya ce “kai, wancan,” ni kuwa in amsa. Abin da aka san shi da shi, bayan iya ƙirar sungumi, shi ne karɓar baƙo. Yana da wata ɗabi'a da ya gada wajen nasa uban: in baƙo ya kwana a gidanmu da doki, ko jaki, ko raƙumi, to da an sallame asuba shi da kansa zai ɗauki tulu ya je rijiya ya shayar da abin hawan, tun mai shi bai farka ba. Ba ya aiken kowa, ba ya kuma son a gode masa. A wurinsa abin kunya ne baƙo ya roƙi ruwa don dabbarsa.

Mota kuwa a lokacin bai fi sau uku muka gan ta ba, ta Kwamandan Faransawa, tana wucewa da ƙara mutane na tserewa cikin gonaki. Ni ban taɓa gudu ba. Da ta wuce nakan durƙusa in auna sawunta da tafin hannu, ina tambayar kaina, wai shin me take ci, kuma a ina ƙarfin nan yake zaune? Ƙarfe dai na san shi, da shi na buɗe ido, ban taɓa ganin ya tashi ya yi tafiya ba. Abin nan ya hana ni sakat, har uwarku takan ce in ina cin tuwo wani lokaci hannuna yakan tsaya a cikin akushi.

Ran nan da yamma hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas, sai ga babbar motar kaya, irin wadda ake ce wa kamiyo, ta taso daga Kano da buhunan siminti da akwatunan Kwamanda. Mutum biyu ne a ciki: shofer, wato direba, wani Bazabarme tsohon soja mai suna Sumana, da gardi, wato dogarin Kwamanda, mai jar hula da dorina a hannu. Suka ga ba halin wucewa, mai gari kuwa ya ce ƙarfe ai gidan maƙera ya kamata ya sauka. Aka tsayar da ita a ƙofarmu. Sumana ya kwance wani murfi a gefen mazauninsa, ya ɗauko garwa, ya tuttula wani abu fari tas kamar ruwan rijiya. Da garwar ta ƙare ya girgiza ta, ya leƙa cikin ramin, ya ja tsaki. Baba na tsaye yana kallo. Daga nan ya shige cikin gida ya faɗa wa mata su ɗora tukunyar baƙi, ni kuma na tsaya na ishi Sumana da tambaya. Don ya rabu da ni sai ya ɗiga sauran abin a tsumma ya jefa cikin wutar maƙera. Wuta ta yi wuf, har ta lashe mini gashin gira.

“Isansi ke nan,” in ji shi. “Shi take sha. Ka gane, maƙeri?”

Na gane. Baba ne bai ga wannan ba.

Aka kwana ana ruwa, ruwan shuka na sosai, irin wanda ake tona ƙasa har gwiwar hannu a tarar da laima. Shekarar da ta wuce ba a samu kirki ba, rumbuna sun yi ƙasa, saboda haka gari na wayewa kowa ya saɓi sungumi, mata da ƙwaryar iri a bayansu. Sumana ya zura manibel, wani lanƙwasasshen ƙarfe da ake sa mata a hanci a murɗa, ya juya sau biyu ta tashi. Ta yi tafiya kamar taki ashirin, sai ta kama tari, ta yi rawar jiki, ta mutu. Ya sauko ya murɗa, ya murɗa, har tafin hannunsa ya saɓule. Ko tarin ma ta daina.

Gardi bai yi wata-wata ba, ya aika aka kira mai gari.

“Kayan Kwamanda ba sa kwana biyu a hanya,” in ji shi. “A tara mini ƙarti arba'in da igiyoyi. In an kira la'asar ba ta tashi ba, su ja ta har Damagaram.”

Ku da kuka tashi kuka tarar da kwalta ba za ku gane nauyin wannan magana ba. Jan kamiyo cikin rairayi daga nan zuwa Damagaram kwana huɗu ne in an yi sa'a, dawowa kwana biyu. Kafin nan laima ta tafi, kuma ba wanda ya san ran da wani ruwan zai zo. Gida arba'in ke nan da ba za su yi shuka ba. Aka bi gonaki aka koro mutane, suka zo suka zauna gindin kuka da sungumansu a kan cinya. Wasu ma ƙasar gona ba ta bushe a ƙafarsu ba.

Na je wajen Sumana, na tarar ya zauna kan matakalar mota ya dafe kai. Ashe bai fi wata shida da fara tuƙi ba, kuma an gargaɗe shi kada ya kuskura ya buɗe cikinta, wannan aikin Baturen garaji ne a Damagaram. Na ce ya ɗaga mini murfin in gani.

“In ka ɓata ta fa?”

“Ai a ɓace take. Faɗa mini abu guda, me ke motsa ta?”

“Wuta ce a ciki, tana kamawa tana mutuwa, tana kamawa tana mutuwa.”

Wallahi da ya faɗi haka sai na ji zuciyata ta kwanta. In dai wuta ce, ai gidanmu aka zo. Wutar maƙera in ta ƙi kamawa, ko zuga-zugi ne ba ya ba da iska, ko gawayi ne ya jiƙe, ko kuwa ƙyastu ne bai ba da tartsatsi ba. Ban taɓa ganin na huɗu ba. Na ce ya nuna mini inda take shan iska. Ya nuna wani maƙogwaro na tagulla, na ɗora tafin hannuna, ya murɗa manibel, na ji ta tsotse mini hannu kamar ɗan maraƙi. Iska lafiya lau. Na ce ina ƙyastunta? Ya nuna wasu abubuwa huɗu masu farin wuya, kowanne da wayarsa, ya ce sunansu buji. Kafin ya ce kada in taɓa, na riga na cire waya guda na riƙe bakinta, na ce murɗa. Abin da ya shiga hannuna ban san sunansa ba a lokacin. Na dai tsinci kaina zaune daɓas a cikin taɓo, hannu ya mutu har kafaɗa. Mutanen gindin kuka, duk da baƙin cikin da suke ciki, sai da suka yi dariya, har gardin. Ni kuwa daɗi ya kama ni. Na tashi na ce ya sake, na gwada sauran ukun ɗaya bayan ɗaya, Sumana na cewa lallai maƙeran Matameye ba su da hankali.

Saura gawayi ke nan. Na bi wani siririn bututu da ido tun daga ƙarƙashin mazaunin shofer har inda ya shiga wata 'yar tukunyar tagulla kusa da maƙogwaron nan. Sumana ya ba ni kile, ƙarfen kwance noti, na sassauta na ƙasan tukunyar, abu ya ɗigo. Na tara tsumma, na kai maƙera na jefa a wuta, na ja da baya ina kare gira. Sai na ji cuuu, kamar an tsoma jan ƙarfe a kasko. Na dubi Sumana, ya dube ni.

Muka kwance bututun muka tara ƙwarya. Daidai nan uwarku ta fito da furar baƙi. Kun san ta, ba ta wuce abu ba ta leƙa ba, kuma ita ce mai man gyaɗar unguwarmu. Ta ajiye fura, ta karkata ƙwaryar nan wajen haske.

“Maigida, wannan ai mai ne a kan ruwa,” in ji ta. “Ga iyakarsu nan. In an bar shi ya kwanta, da ludayi ma sai in kwashe maka.”

Na duba, ga shi kuwa, zare guda siriri ya raba su. Sumana ya ce isansin nan shi ke nan gare su, ba wani sai Damagaram, ko ɗigo ba za a zubar ba. Ya ce kuma kafin a juye shi a fili sai an kashe duk wata wuta da ke kusa. Kashe wutar maƙera ranar shuka, ga mutane na jiran gyaran sungumi, ba ƙaramin abu ba ne. Na juya zan roƙi Baba, sai na ga ya riga ya ɗauki kasko ya kwara mata ruwa da hannunsa. Abin ya ba ni mamaki, don ban taɓa ganin ya yi wa baƙon ƙarfe irin wannan kara ba.

Na zaga bayan maƙera neman tasoshi, a nan na ga tulunmu na rijiya a jingine, kusa da shi kuma wani mazurari sabo fil, an yanke shi daga wuyan gora, an kankare bakinsa sumul don kada ko ɗigo ya zube a jikin motar baƙo. Na shinshina, warin isansi. Yankan wuƙar Baba ko cikin dubu na san shi. Sai komai ya dawo mini: garwar da Sumana ya girgiza jiya, tsakin da ya ja, Baba na tsaye yana ganin abin hawan baƙonsa bai ƙoshi ba. Na leƙo ta gefen danga. Yana zaune a kan dutsensa gaban matacciyar wuta, hannuwansa biyu tsakanin gwiwoyi, yana kallon ƙasa. Ya riga ni ganewa tun lokacin da tsumman nan ya yi cuuu. Tausayinsa ya kama ni. Na taka mazurarin na murƙushe shi, na tura ɓaraguzan cikin toka.

Daga hantsi har bayan azahar muna abu guda. Ruwa ne ya fara fitowa, tsabarsa, kusan tulu guda, sannan gauraye. Muka jera ƙore da tasoshi a inuwa, uwarku da matan gida suka durƙusa da ludaya suna kwashe na sama a hankali, suna tacewa da sabon ƙyalle cikin garwa. Ƙoren nan da ludayan ba su sake moruwa ba, kuma har ta rasu ba ta daina yi mini gorin ƙwaryar aurenta ba. Ni kuma na kwance 'yar tukunyar tagullar nan gaba ɗaya. Kowane abu na cire sai in ajiye shi a kan tabarma bi da bi, yadda zan san hanyar komawa. A ciki na tarar da wani ɗan abu mai iyo, in isansi ya cika sai ya taso ya toshe ƙofa da kansa. Na daɗe ina juya shi a hannu ina mamakin wanda ya zauna ya yi wannan tunani, har sai da Sumana ya zungure ni ya nuna mini rana. Na busa kowane rami da baki, na shanya su, na goge buji. Wajen mayarwa sai wani ɗan zobe mai laushi da ke hana yoyo ya tsage a hannuna. Na tsaya riƙe da shi biyu. Ban ji tasowar Baba ba, sai dai na ga ya jawo zuga-zuginsa, wanda ya girme ni, ya sa wuƙa ya yanko fata daga inda ta fi laushi.

“Kai, wancan,” in ji shi. “Auna.”

Muna ɗaure noti na ƙarshe, gardi ya sa an fara ƙulla igiyoyi a gaban mota. Sumana ya murɗa manibel, shiru. Ya sake, ta yi tari guda. Sai na tuna yadda ta tsotse mini hannu da safe, na ce in na rage mata iska ƙila ta ja isansin da ƙarfi. Na rufe rabin maƙogwaron da tafina. Ya murɗa na uku, ta yi atishawa, ta yi ɓaɓatu, ta kama. Kuna tsammani an yi guɗa? Ko kusa. Mutanen nan arba'in kowa ya suri sunguminsa ya zura da gudu wajen gonarsa, ana kiran la'asar suna tsallake kunyoyin gona.

Na ɗauka an gama, ashe saura. Gardi ya tako har gaban maƙera yana kaɗa dorina a ƙafarsa.

“Ruwan nan ba da kansa ya shiga ba,” in ji shi. “Kwamanda zai tambaye ni inda muka yini. Wanda ya zuba, da shi zan tafi.”

Na ji Baba ya yi gyaran murya. Na ga ya dafa gwiwa zai miƙe. Mutumin da furfura ta cika wa gemu, wanda ba a taɓa ɗaga wa murya a garin nan ba, za a zane shi gaban surukarsa, a ɗaure shi a kan siminti.

“Ni ne,” na ce. “Na ga an ba ta na garwa ba ta ƙoshi ba, na ƙara mata.”

Sumana ya san ƙarya nake, shi ya ƙona mini gira jiya. Ya dube ni, ya dubi tsoho, ya juya yana goge hannu da tsumma. Allah Ya jiƙan Sumana. Dorina uku na sha a nan ƙofar gida, aka ɗaure mini hannu aka ɗora ni bisa kaya.

A nan ne nake so ku ji da kyau, don kada bayan raina ku mai da ni waliyyi. Don Baba na yi, gaskiya ne. Amma rabin zuciyata so take ta hau motar nan, ta ga garajin da ake faɗi. Ina bisa siminti, baya na zogi, uwarku na tsaye bakin danga da ludayi a hannu, ni kuwa kunnena na kan kukan mota, ina lura da yadda yake sauyawa in ta shiga rairayi. Na ji kunyar wannan shekara da shekaru, amma haka aka yi.

Wata uku aka yanka mini, ina sharar garaji. Ran nan ƙarfen da ke ɗauke da nauyin wata mota ya karye, na roƙa aka bar ni na haɗa wuta na ƙera wani. Baturen garaji ya ɗaga shi ya duba, ya sake dubawa, daga ranar bai sake ni ba. Bayan kaka uwarku ta biyo ni da labari iri biyu: mutanen nan arba'in sun yi gayya sun shuke gonata washegari, kuma duk da haka su ne suka raɗa mini sunan da kuke faɗa a kansa. Uwar maƙera, wadda tun ina yaro na san tawa ce, ƙanena aka damƙa wa. Wannan ya yi mini ciwo, har yau in na wuce na ji ana bugunta sai na ji. Abin da ya fi ciwo kuwa, Baba bai aiko mini da ko kalma guda ba. Na yi fushi. Shekara huɗu ban taka Matameye ba, ina cewa ba a ba ni dama ba ne, alhali ban nema ba.

A shekara ta biyar aka aiko ni ɗaukar gyaɗa, ni ke tuƙi. Na tsayar da kamiyo a ƙofar maƙera, daidai inda waccan ta kwana. Na durƙusa na gai da Baba, ya tambayi hanya, ya tambayi iyali, kamar jiya na fita. Ya tsufa ƙwarai. Ba wanda ya ta da zancen. Kafin magariba na duba mota yadda na saba, na cika mata ruwan sanyaya inji ta murfin da ke kan hancinta, na shiga gida.

Da na fito daga sallar asuba sai na hango mutum tsaye gaban kamiyo. Baba ne, da tulu a kafaɗa, da sabon mazurari a hannu. Bai taɓa komai ba. Ban san tun yaushe yake tsaye da nauyin nan ba, amma kafaɗar rigarsa ta jiƙe sharaf. Na matso. Bai dube ni ba, motar yake kallo.

“Idi,” in ji shi. “Wane bakin ne?”

Tunda aka haife ni ban taɓa jin sunana a bakinsa ba sai ran nan. Na sunkuya kamar mai duba taya, na lalubi ɗan famfon da ke ƙarƙashin hancinta na buɗe, ruwan da na cika jiya ya tsiyaye cikin rairayi, na rufe. Sannan na miƙe na kwance murfin gaba, na riƙe masa mazurari. Ya tuttula a hankali har tulun ya ƙare, ya girgiza shi, ya leƙa ya ga ta ƙoshi. Ya sa hannun riga ya goge inda ya ɗiga, ya ɗauki tulunsa ya shiga gida.